Yosiya da Batirin Mashin ɗin Mai Bishara

A layinmu na Sabon Garin Keffi babu wanda ya raɗa wa Yosiya sunan Injiniya. Shi ya taho da abinsa daga Abuja, inda ya yi shekaru yana gadin wani ofishi, kuma cikin aikin gadin har da danna wa janareta maɓalli in an ɗauke wuta. Tun da ya yi ritaya ya dawo gida, duk wani abu mai waya a jiki ya shiga uku. Fankar maƙwabcinsa Alhaji Dabo, mai fataucin doya, har yau bango take yi wa fifita, kuma Yosiya ya ce haka ake yayi a Abuja.

Matarsa Susana ba ta da hayaniya. Ita ce shugabar Zumuntar Mata a cocinsu, kuma ba iya magana ce ta kai ta kujerar ba, riƙon amana ne. Akwai ɗaki guda a gidanta da matan ke kira ɗakin ajiya. Manyan tukwanen biki, kwanuka, kujerun roba, gangar zumunta, duk a can suke kwana, kuma ba a taɓa neman ko cokali an rasa ba. Da wannan ɗaki Susana take tinƙaho, ko da yake ba za ta taɓa faɗa ba. Shi ya sa da matan suka haɗa hannu suka sayi sabon mashin don Mai Bishara Jonatan, ba a ma tsaya shawarar inda za a ajiye shi ba.

Jonatan dattijo ne da ke zagaya ƙauyukan bayan Gitata a ƙafa, ga gwiwarsa ta dama ta daɗe da gajiya. Saboda gwiwar ne matan suka nace sai mashin mai tashi da maɓalli, wanda ba sai an buga masa kik da ƙafa ba. A wurinmu kuwa shaidar sabon mashin ledarsa ce: ta kujera, ta fitila, ta madubi, har 'yar wadda aka naɗe sandar kik da ita. Sai kuma 'yan gashin roba da ke tsaye a jikin sabuwar taya. Ranar da aka kawo shi, Anjelina, mataimakiyar Susana, mai shagon tireda a bakin titi, wadda ta daɗe tana ganin kujerar shugabanci ta fi dacewa da ƙugunta, ta durƙusa ta shafa gashin tayar.

"Mama, haka muka ba ki," in ji ta, "haka za ki ba mu."

Aka tsayar da ranar godiyar kaka don miƙa kyautar. Mashin ya yi watanni a ɗaki tsakanin tukwane, ba wanda ya tayar da shi.

Ran Alhamis, ana saura kwana uku a yi bikin ran Lahadi, Susana ta ce bari dai ta gwada. Ta murɗa makulli, ta danna maɓalli. Mashin ya ce kat-kat-kat, ya yi shiru. 'Yar koriyar wutar da ke kan mita ta dushe. Ta danna hon, ya yi wani nishi kamar na akuya mai mura.

"Baban Victor, zo ka ji."

Yosiya ya shigo hannuwa a baya, ya zagaya mashin, ya kara kunne a tanki.

"Sake dannawa."

Kat.

"Na gane. Batir ne ya yi sanyi saboda zama."

Gaskiya ce ya faɗa, kuma ya kamata a ba shi ladanta, don ita kaɗai ce ta fito daga bakinsa a wannan makon.

"To a kira Julius makanike," in ji Susana, "ko a sayo sabo a sa."

"Julius? Yaron da na girme wa ubansa a harkar lantarki? Kuma kin san bakinsa. Kafin ya kwance noti ɗaya, Anjelina ta ji cewa mashin ɗin zumunta ya lalace a hannunki. Za su ce me ke lalata mashin in ba hawa ba?"

Nan ya same ta. Tsoron wannan magana ya fi mata tsoron Yosiya, kuma wannan ne kuskurenta. Sai ta miƙa masa makulli.

"Kada dai ka taɓa leda."

"Maman Victor, ni da na riƙe janaretan da ya fi ɗakin nan girma?"

Washegari da hantsi ya ɓalle murfin gefe da wuƙar yanka albasa, ya ciro batir, ya sa tsani ya ɗora shi a kan kwanon rufi. Dalilinsa a fili yake. Tun muna yara, in batirin rediyo ya yi sanyi, a rana ake shanya shi, ya ƙara yi maka labaran yamma. Wannan ma batir ne, girma kawai ya fi.

Alhaji Dabo ya leƙo ta kan katanga.

"Injiniya, kifi kake shanyawa?"

"Caji nake yi, Alhaji. Sola ke nan, ba tare da faranti ba."

"Ikon Allah. Su Turawan ba su gano wannan ba?"

"Sun gano. Ɓoyewa suke yi don a riƙa sayen sabo."

Da la'asar ya sauko da shi da zafinsa. Don ya auna ƙarfinsa, ya samo guntun waya ya haɗa kawunan batirin biyu, ya sunkuya kusa don ya gani da kyau. Wuta ta yi tartsatsi, wayar ta yi ja, babban yatsansa ya ƙone, gefen gashin bakinsa na hagu ya tafi.

"Kin gani? Akwai rai a ciki."

Aka mayar da shi, aka danna. Kat ɗaya ya yi, ko na biyu bai samu ba. Yosiya ya sake ciro shi, ya buɗe 'yan murafen da ke samansa, ya tsiyaya ruwan leda, ya barbaɗa gishiri, ya marmasa ƙwayar ciwon kai ya zuba. Ya ce gishirin na ƙarfi ne, ƙwayar kuma ta buɗe masa jijiya. Batir ya fara kumfa, ɗakin ajiya ya cika da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da aka danna a karo na gaba, ko koriyar wutar ba ta leƙo ba.

"Ya yi shiru gaba ɗaya," in ji Susana.

"Magani ne ke ratsa shi. Ke ma in kin sha ai kwanciya kike yi."

Ran Asabar da sassafe Susana ta tafi coci, don ranar ce ta girki da gwajin waƙa. Ko ƙurarta ba ta kwanta ba Yosiya ya fito da babban shirinsa: mashin da kansa yake yi wa batirinsa caji in yana gudu, saboda haka a hau shi a zagaya, a dawo da shi ba wanda ya sani. Tayarwa ce matsala. Kik na nan lafiya lau, bugu ɗaya zai tashi, amma sandar naɗe take da leda, shi kuwa ya yi alkawari. Yosiya ba ya karya alkawari. Saboda haka turawa za a yi.

Don kada a gane mashin ɗin, ya jawo zane daga akwatin matarsa ya lulluɓe tanki da kujera, ya ɗaure da igiya. Bai tsaya duba wane zane ba ne. Ankon Zumuntar Mata ne, wanda aka rubuta sunan ƙungiyar a jikinsa da manyan baƙaƙe, sama da ƙasa, yadda ko daga tsallaken titi za a karanta.

Mu muna gindin mangwaro muna dara ya gangaro da shi.

"Jama'a, ku ɗan ba ni hannu. Na wani abokina ne daga Abuja. Sirri ne."

"Abokin naka ɗan Zumuntar Mata ne?"

"Ku dai tura."

Muka tura. Muka tura daga gindin mangwaro har bakin kwalbati, mashin yana gurnani bai tashi ba. Sai Yosiya ya laluba aljihu, ya ciro makulli, ya soka a mazauninsa, ya ce wancan gwaji ne. Muka sake turawa har gaban masu faci. Nan wani ɗan acaɓa da ke jiran fasinja ya ce, "Oga, famfon manka a rufe yake." Yosiya ya ce ya sani, yana so injin ya ɗan ji yunwa ne tukuna. Kafin wannan lokaci yara da masu talla da wata akuya sun biyo mu. A turi na gaba mashin ya yi tari, ya zabura, ya bar mu tsaye da hannuwa a miƙe. Abin da muka jiyo na ƙarshe shi ne muryarsa yana cewa ba zai iya tsayawa ba, in ya mutu ba mai tura shi.

Hanyar ta gaban shagon Anjelina ta bi. Ya wuce, ya kau da fuska. Da ya kusa randabawul ya hango masu kaki, ga mashin ba lamba, sai ya juyo, ya sake wucewa ta gaban shagon, ya kau da fuska ɗaya gefen. Da ya sake dawowa ya tarar ta fito da kujera ta zauna a bakin titi, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Injiniya, ina kwana?"

"Ba ni ba ne," in ji shi, ya ƙara wuta.

Daga nan ya miƙe hanyar Gitata, inda ya ce babu 'yan sa-ido. Babu su kam, amma akwai shanu. Ya tarar da garke yana tsallaka titi, ya danna hon, ba hon. Ya yi musu da baki. Shanun ba su san wannan muryar ba, ba su matsa ba. Ya kauce gefe, ya faɗa wani kwari mai jan taɓo, ya fito ta ɗaya ɓangaren shi da mashin launinsu ɗaya. Gefen zanen ya kwanto a kan salansa ya fara hayaƙi, ledar da ke kusa ta narke ta manne, ta kujera ta yage tun a kwarin. Ɗan man da aka zuba a shago ranar saye kuwa ya ƙare, mashin ya mutu a inda ba kowa sai gonar rogo.

Da azahar wata a-kori-kura mai doya ta sauke shi a bakin layinmu. Yana zaune a kan doya, ya rungume mashin. Da aka shigar da shi gida ya danna maɓalli don ya ji yawan cajin da aka samu. Ba a samu ba.

Duk wanda ya ce Yosiya malalaci ne bai gan shi a wannan yammacin ba. Ya wanke mashin tas, ya wanke zanen ya shanya, da ya bushe ya mayar akwati. Ya zuba ɗan mai a tanki, ya goge tayoyi da baƙin man takalmi. Ya aika aka sayo burodi, ya juye shi a kwano, ya naɗe kujera da madubi da ledojin. Gashin taya ne ya ba shi wuya, don titi ya cinye shi. Ya ɗauko tsohon silifas ɗinsa, ya yanka siri-siri da reza, ya bi ya manna da gam. Lokaci bai ishe shi ya yi ɓangare biyu ba, sai ya yi wa gefen da ke kallon ƙofa.

Saura batir. Alhaji Dabo ya shiga gari ta'aziyya, ya bar mashin ɗinsa a zaure. Yosiya ya yi sallama, matar gidan, Huraira, ta amsa daga ciki.

"Hajiya, zan ɗan duba wa Alhaji lafiyar batirinsa."

"Bai gaya mini ba."

"Ai maza ba sa gaya wa mata harkar lantarki."

Ya kwance na Alhaji, kuma don kada ya bar wa maƙwabci gurbi a buɗe, wanda rashin ladabi ne, ya ɗaura masa mai gishirin.

Da Susana ta dawo gab da magariba, a gajiye, tana ƙamshin hayaƙin girki, ta tarar da mashin lulluɓe da farin zanen gado, kansa kawai ke waje.

"Na rufe shi saboda ƙura. Danna."

Ta danna. Mashin ya tashi nan take, hon ya yi ƙara har kaji suka watse. Susana ta dafe ƙirji. Kunya ta kama ta, ta tuna irin zargin da ta wuni tana yi wa mijinta a zuci, musamman da Anjelina ta iso gwajin waƙa a makare ta tambaye ta, ba gaira ba dalili, ko zanenta na anko yana nan lafiya. A wannan maraice tsokar da ta fi kowacce girma a kwanon Yosiya ta sauka.

Da safe ta warware zanen ankon, ta ga gefensa a ƙone.

"Baban Victor, mene ne wannan?"

"Asu ne."

"Asu mai wuta?"

"Na akwati sun fi zafi. Yi sauri, an buga ƙararrawa."

Ta soke ƙunar a ciki ta ɗaura.

Bayan sujada jama'a suka fito harabar coci. Ga doya da dawa da kaji na godiya an tara gefe guda, ga mashin a tsakiya cikin farin zanensa. Matan zumunta suka jeru cikin anko, Susana a gaba. Fasto ya ɗora hannu ya fara addu'a, kuma Fastonmu ba ya gajerta addu'a in ya ga jama'a. Ana cikin haka Alhaji Dabo ya iso bakin get, yana tura nasa mashin, gumi ya jiƙa masa riga, ga wata baƙar leda rataye a hannunsa tana ɗiga. Ya jingine mashin, ya tsaya a nutse, da aka ce amin shi ma ya ce amin.

Aka yaye zane. Mai Bishara Jonatan ya ajiye sandarsa, aka taimaka masa ya hau, ya danna maɓalli. Mashin ya tashi. Mata suka rangaɗa guɗa, aka buga ganga, dattijon ya share ido da bayan hannu.

Da a nan aka tashi, da wataƙila an kai Litinin asiri bai tonu ba. Amma Yosiya ya matso gaba, ya gyara rabin gashin bakinsa, ya ɗaga hannu.

"Jama'ar Allah, ba don yabon kai ba, akwai ɗan aikin injiniya da aka yi a ɓoye wanda ya kamata ku..."

"Salamu alaikum," in ji Alhaji Dabo. "Fasto, a gafarce ni. Na taya ku murna, Allah ya sa alheri. Batirin nawa ne."

Kowa ya juya ya dubi Yosiya.

"Alhaji, ai aro ne na maƙwabtaka," in ji Yosiya. "Na bar maka wani."

"Na gan shi. Ga shi nan." Ya ɗaga ledar. "Ban san ko miya ce ko batir ba. Manoma na jirana da doya a Panda tun safe."

"To ka buga kik mana."

"Kik ɗina ya karye tun bara. Kai ka gyara shi."

Ya nemi izinin Mai Bishara cikin ladabi, ya kashe mashin, ya ciro sifana daga aljihu, ya kwance batirinsa, ya ajiye mai gishirin a gaban takalmin Yosiya. Ya ɗaura nasa a bakin get, ya danna, ya ɗaga wa jama'a hannu ya tafi.

Anjelina ba ta yi gaggawa ba. Ta taka a hankali, ta durƙusa gaban taya, ta tsinko gashi ɗaya da farce, ta ɗaga shi sama.

"Mama, tayar nan gashinta shuɗi ne." Ta zagaya ɗaya gefen. "Nan kuma an yi mata aski." Ta miƙe ta shafa kujera, ta karanta a fili: "Burodi mai laushi, a ci da shayi."

Wani ya yi tari don ya danne dariya, bai iya ba.

"Jiya zanenki ya wuce ta gaban shagona, Mama, yana ta gudu. Na gaishe shi, ya ce ba shi ba ne."

Harabar ta ɓarke. Har Fasto ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na motsi. Yosiya ya durƙusa ya nuna da yatsa.

"Amma ku duba ledar kik. Ko ƙwarzane babu. Abin da aka ce kada in taɓa ke nan."

Susana ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a inda take, hannu ɗaya a kan ƙunar zanenta, ta jira har hayaniya ta lafa.

"Ni kuka ba ajiya," ta ce. "Ni na ba shi makulli."

Mai Bishara ya sake danna maɓalli, ko da rabo. Shiru. Ya sauko da ƙyar, ya karɓi sandarsa.

"Ba komai, 'ya'yana. Gwiwar ta saba."

"Baba, hau mu tura," in ji Yosiya. "Caji kawai yake so."

"Na gode, ɗana. Na ji kai ma da doya ka dawo."

Ran Litinin aka sayo sabon batir aka ɗaura, aka zuba mai, dattijo ya tafi Gitata a kan mashin ɗinsa da ledar burodi na kaɗawa a madubi. A ranar ce kuma matan suka fara zuwa gidan Susana. Ba wadda ta ɗaga murya, ba wadda ta ambaci kujera. Wannan ta gaishe ta da kyau, ta ce za ta ɗan ari manyan tukwane, ƙanwarta ta haihu. Waccan ta ce kujerun roba sun tsare wa Mama wuri, bari ta rage mata. Kowacce da dalilinta mai daɗin ji, kuma Susana ta taya kowacce ɗorawa a ka, ta raka ta bakin ƙofa. Anjelina ce ta zo ƙarshe da keke, ta ɗauki ganga, ta ce Mama ta sha wahala shekara da shekaru, ta huta haka.

Susana ta share ɗakin, ta zauna a dandaryar ƙasa, tana kallon zagayen da gindin tukwane ya bari a siminti. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, fiye da dariyar da aka yi a coci. Can ta tashi ta yi 'yan kai-da-kawo a tsakar gida, ta koma kicin.

Da yamma Yosiya ya dawo daga gindin mangwaro, inda ya wuni yana bayyana mana cewa batiran yanzu ba sa jin magani. Ya hango ƙofar ɗakin ajiya a buɗe, ba tukunya ba kujera a bakinta, fuskarsa ta washe.

"Maman Victor, kin san ɗakin nan zai yi kyau da wurin aiki? In sa benci, in rataya wayoyi. Mutum ya wuni a ciki ba mai damunsa."

"Na riga ka tunani," in ji ta, ba ta ɗago daga tsinkar alayyafo ba. "Katifarka na ciki."